Mu da safar hannu ke yanke wa, wace ɓarna za mu rage a ICU?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce, ban daɗe da fara aiki a sashen kulawa ta musamman (ICU) na wani asibitin koyarwa a Arewa ba. Kwanaki aka yi mana lacca a kan yadda asibitocin Turai ke rage shara da ayyukan da ba dole ba a ICU saboda kare muhalli. Ni dai abin ya ɗaure min kai. Mu da wani lokaci safar hannu ma sai 'yan'uwan mara lafiya sun sayo, me za mu rage? In kuma akwai abin da muke yi wanda bai da amfani, ta yaya zan gane shi ba tare da na cutar da majinyaci ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar ta shafe mu, ta ma fi shafar mu a kan waɗanda suka fara ta, sai dai ta wata ƙofa daban. A Holan ko Ingila, in nas ta buɗe sirinjin da ba a buƙata, inshora ko gwamnati ce ke biya, ɓarnar kuma sai dai a gan ta a rahoton ƙarshen shekara. A nan wanda ke biya yana zaune a baranda a kan tabarma, da takardar magani a hannu, wataƙila jiya ya sayar da buhun masara ko tunkiyar matarsa. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Rashi da ɓarna kuwa suna kwana ɗaki ɗaya. Sashen da safar hannu ta ƙare masa ƙarfe uku na dare, shi ne sashen da aka ƙarar da rabin kwali da rana wajen awon hawan jini da rubutu a folda.

Alƙaluman da masu lacca ke kawowa gaskiya ne, ya kamata ki san su. Wani rahoto na 2019 ya ƙiyasta cewa harkar lafiya ce ke fitar da kashi 4.4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. A asibitin Erasmus da ke Rotadam an bi diddigin duk kayan da suka shiga ICU a shekarar 2019, aka samu majinyaci ɗaya yana cin kaya kilo 17 a rana, ciki har da safar hannu 108 da sirinji 24. Wani bincike na 2018 ya kwatanta jinyar mutumin da cuta ta shiga jininsa a wani ICU na Amurka da wani na Ostireliya, ya samu hayaƙin rana ɗaya ya kai kilo 178 a na farko, 88 a na biyu, kuma mafi yawansa daga wutar da ake sanyaya ɗaki da tace iska ne. Wannan lissafin nasu ne. Mu ba mu kusa da safa 108 ba, wutarmu kuma ta janareta ce da dizal, wadda ba nas ke yanke hukunci a kanta ba. Abin da ke hannunki shi ne ayyukan da muka gada muna yi saboda agogo ya buga, ba don jikin majinyaci ya nema ba. Duk aikin da kika zo yi, ki tambayi kanki: agogo ne ya aiko ni ko mara lafiya? In agogo ne, sai ki bincika ko akwai hujja a bayan agogon. Wani lokaci akwai, kamar juya majinyaci don kada bayansa ya yi gyambo. Sau da yawa kuma babu, al'ada ce kawai ta tsufa har ta zama doka.

Ɗauki kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa da magani. An koya mana a cire ta a sa sabuwa bayan kwana uku ko huɗu, ko da lafiyarta ƙalau. A 2012 mujallar Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Ostireliya a kan mutum 3,283: wasu ana canza musu a kan lokaci, wasu sai an ga dalili. Kumburin jijiya ya zo daidai a ɓangarorin biyu, kashi 7 cikin 100. Ke da kike fama da majinyacin da jijiyoyinsa suka ɓuya saboda kumburi ko rama, kin san darajar kanula mai aiki. A cire ta saboda kwananta sun cika, sannan a yi ta tsira masa allura har sau huɗu kafin a dace, kowace kanula kuma kuɗi ce. Amma sharaɗin yana da nauyi, kuma shi ake yawan mantawa: a kowane duti sai an kalli wurin da ido, an taɓa, an rubuta. Ja, zafi, kumburi, tauri a kan jijiya, yoyo, ko zazzaɓin da ba a san mafarinsa ba, a cire nan take. Kanular da aka naɗe da filasta mai kauri har ba a ganin bakinta ba ta shiga wannan sassauci ba. Wadda aka sa cikin gaggawa ba tare da cikakkiyar tsafta ba ita ma a canza ta cikin awa 48. Wadda kuwa aka daina amfani da ita, ba ta da aikin zama a hannun mutum ko na yini ɗaya.

Igiyar ƙarin ruwa ma haka. Ƙa'idar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta 2011 ta ce igiyar da ruwa ke bi ba yankewa kada a canza ta kafin awa 96, wani babban gwaji na 2021 kuma ya nuna kaiwa kwana 7 bai ƙara cutar jini ba. Banda igiyar jini da ta abinci mai maiƙo da ake ba da shi ta jijiya, waɗanda ba sa wuce awa 24, da ta maganin barci na furofofol da ake canzawa cikin awa 6 zuwa 12. A nan sai na ja miki kunne, don yadda muke aiki ya bambanta. Mu mukan cire igiya bayan an gama maganin ƙarfe shida, mu rataye ta a jikin ƙarfen ƙarin ruwa, bakinta a buɗe yana lilo ko an cusa shi cikin robar allurarta, sai ƙarfe biyu a dawo a sake jonawa. Wannan igiya ba ta kwana bakwai ba ce, kwana ɗaya ne iyakarta, in ma bakin ya taɓa wani abu to ta tashi daga aiki. Robobin na'urar numfashi kuwa an daɗe da daina canza su a kan jadawali, sai sun yi datti a bayyane ko sun lalace, domin duk buɗewa dama ce ga ƙwayar cuta. Ruwan da ke taruwa a cikinsu dai a riƙa zubarwa, kada ya gangara wajen majinyaci.

Wanda na fi so ki yi tunani a kansa shi ne zuƙo abin da ya rage a tumbin majinyaci kafin a ba da abinci ta robar hanci. Kin san yadda ake yi. Ki ɗauko babban sirinji, ki ja, ki auna, in kin ga ya kai mililita 150 ko 200 sai ki rubuta a dakatar da abinci. Nas ta gaba ta zo ta tarar an dakatar, ita ma ta ji tsoron farawa. Kafin likita ya lura an yi yini guda mutumin bai samu komai ba, ga shi jikinsa yana yaƙi da cuta yana cinye namansa. A 2013 an yi gwaji a ICU 9 na Faransa a kan mutum 449 da ke kan na'urar numfashi. Waɗanda ba a auna musu ragowar ba sun fi yin amai, amma ciwon huhu bai ƙaru ba yadda za a ce wani abu ne (kashi 16.7 a gefe guda, 15.8 a ɗayan), kuma su suka fi samun abincin da aka tsara musu. Ƙungiyoyin masana abincin majinyata na Amurka a 2016 suka ce a daina wannan awo a matsayin aikin kullum, inda kuma ake yi, kada a tsayar da abinci a kan abin da bai kai mililita 500 ba matuƙar babu wata alama. To amma dubi su waye aka gwada. Yawancinsu ba 'yan tiyata ba ne, an ware waɗanda aka yi wa aikin ciki kwanan nan, kuma famfo ne ke ɗiga musu abinci a hankali. Mu gadajenmu cike suke da waɗanda taifot ta huda wa hanji, da masu toshewar hanji, abincin kuma sau da yawa kunu ne da aka haɗa da madara da ƙwai ana turawa da sirinji lokaci guda. Ra'ayina shi ne: ga wanda aka buɗe wa ciki, ko cikinsa ya kumbura, ko yake amai, a ci gaba da aunawa bisa umarnin likitan tiyata. Ga sauran, ko da sashenku bai shirya daina awon ba, a ɗaga iyakar da ake tsayar da abinci, a ɗaga kan gado zuwa digiri 30 ko 45, a riƙa taɓa ciki da hannu. Yunwar da muke jawo wa majinyata da wannan sirinji ta fi sirinjin tsada nesa ba kusa ba.

Sai jini. Wani bincike na 2002 a ICU na ƙasashen Yammacin Turai ya samu ana ɗibar kimanin mililita 41 a rana daga kowane majinyaci don gwaje-gwaje. Ki lissafa kwana goma, ya kusa leda guda ta jini. Daga nan PCV, wato awon yawan jini, ya sauka, a ce a nemo masu ba da jini, a tayar da ƙanne da abokai daga gari, wani lokaci a sayi ledar da tsada. Mu ba ma yin gwaji da yawa kamarsu saboda kuɗi, amma muna da namu salon asarar: a cika kwalba fiye da abin da ɗakin gwaji ke buƙata, a ɗiba sau uku a rana saboda ƙungiyoyin likitoci uku sun zo zagaye kowa da takardarsa, ko a bar jini a kan tebur har ya daskare a dawo a sake ɗiba. Nas ce kaɗai ke ganin takardun ukun a lokaci guda. Ki haɗa su ɗiba ɗaya, ki je ɗakin gwaji ki tambayi ainihin adadin da injinsu ke sha, za ki yi mamakin ƙanƙantarsa. In gwajin jiya ya fito daidai kuma babu abin da ya sauya, babu laifi ki tambayi likita cikin ladabi ko sakamakon yau zai canza wani abu a magani. Game da ƙarin jinin kansa, tun gwajin Kanada na 1999 a kan mutum 838 aka san cewa majinyacin da ba ya zubar da jini kuma jikinsa a daidaice yake yana iya jira har haimogulobin ya sauka ƙasa da 7, wato PCV wajen 21. Masu bugun zuciya da masu raunin ƙwaƙwalwa lissafinsu daban, wannan kuma hukuncin likita ne.

Hoton ƙirji na kowace safiya, wanda Faransawa suka nuna a 2009 cewa za a iya rage shi da kusan kashi ɗaya cikin uku ba tare da illa ba, ba zan ɓata miki lokaci a kansa ba. Injin hoton da ake turowa bakin gado ma ba kullum yake aiki a wurarenmu ba. Ɗiga ruwan gishiri a robar maƙogwaro kafin zuƙe majina shi ma a bar yin sa a kowane zuƙa. Ba ya narkar da majina yadda muke zato, yana sauke oksijin, yana iya tura datti ƙasa. Abin da ke tausasa majina shi ne danshin iskar da ke shiga da isasshen ruwa a jiki. Zuƙar ma a yi ta in an ji ƙara a ƙirji ko an ga majina ko na'ura ta nuna, ba don awa biyu ta cika ba.

Yanzu safar hannu, tunda ita kika ambata. Ki tsaya gefe wata safiya ki kalli abokiyar aiki ba tare da ta sani ba. Ta sa safa ta zubar da fitsari, da ita ta gyara bargo, ta danna maɓallin na'ura don ƙararrawa ta dame ta, ta ɗauki biro ta rubuta adadin fitsarin, waya ta yi ƙara a aljihu ta duba, sannan ta gyara wa na gado na gaba abin oksijin a hanci. A ranta tana cikin kariya, don hannunta bai taɓa komai ba. Safar ta kare ta, ta kuma raba abin da ke jikin ledar fitsarin ga wuri biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace inda ba a buƙatar safa: awon hawan jini da zafin jiki da bugun jijiya, allurar tsoka da ta ƙarƙashin fata, ba da ƙwayar magani, sa wa mutum abin oksijin a hanci, canza zanen gado marar datti, tura gado, rubutu. Inda ake buƙata kuwa shi ne duk inda za a haɗu da jini ko wani ruwan jiki, ko fatar da ta buɗe, ko baki da al'aura, da sa kanula da cire ta, da zuƙe majina, da kwasar shara. Asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan ya yi gangamin wayar da kan ma'aikatansa a kan wannan a 2018, cikin shekara guda safar da suke saye ta ragu da fiye da miliyan uku, ƙorafin kumburin fatar hannu a tsakanin ma'aikata ma ya ragu.

Sai dai kada wani ya ce miki ki cire safa alhali famfon sashe ba ruwa kuma kwalbar sanitaiza tana ofishin metiron, shugabar nas-nas, a kulle. Mutane da yawa a wurinmu suna sa safa ne saboda babu abin wanke hannu, kuma ban ga laifinsu ba. Gyaran yana farawa da sanitaiza a jikin kowane gado. Ba sai an sayo na kamfani ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da haɗin da sashen magunguna na asibiti zai iya yi da kansa: sifirit na etanol kashi 80, gilisarin kashi 1.45, haidurojin ferokzaid kashi 0.125. Daƙiƙa 20 zuwa 30 na murzawa sun isa in hannu ba datti a bayyane. In akwai datti, ko majinyaci yana gudawa, ruwa da sabulu ne. Ƙasarmu kuma ƙasar zazzaɓin Lassa ce, mun kuma ga abin da mashaƙo ya yi a Kano a 2023. Wanda ya zo da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ko yana zubar da jini ba dalili, ko an keɓe shi, ba a yi masa lissafin safa da riga da takunkumi. Ma'aikatan lafiya sun rasa rayukansu a kan wannan. Safar da kika adana wajen awon hawan jini ita za ki tarar a kwali ranar da irin wannan majinyaci ya shigo.

Oksijin shi ne inda kuɗi ya fi zuba ba a gani. Babbar tukunya tana ɗaukar lita wajen 6,800. A lita 10 a minti za ta ƙare cikin awa 11 da 'yan mintuna. A lita 4 za ta kai awa 28. Sau nawa kika shigo duti kika tarar da mutum yana nuna 100 a na'urar yatsa mai auna oksijin na jini, ƙwallon mitar tukunya yana sama a kan lita 10 tun daren jiya da aka kawo shi a galabaice, ba wanda ya sauke? Ko an cire abin fuska don a goge masa baki, an ajiye a kan filo, iska tana ta huci a banza? Ko mita tana yoyo a wuyan tukunya an ɗaure da filasta? Oksijin magani ne, yana da adadi. Wani nazari na 2018 da ya haɗa gwaje-gwaje 25 da mutum sama da 16,000 ya samu ba da shi fiye da kima yana tare da ƙarin mace-mace. Manyan gwaje-gwajen ICU da suka biyo baya ba su ga bambanci sosai tsakanin matsakaici da ƙasa-ƙasa ba, amma babu wanda ya nuna 100 tana da wata fa'ida. Ƙa'idar Birtaniya ita ce 94 zuwa 98 ga yawancin majinyata, 88 zuwa 92 ga masu daɗaɗɗen ciwon huhu da iskar kabon ke taruwa a jininsu. Ki nemi likita ya rubuta iyakar sama da ta ƙasa a takarda, ke kuma ki riƙa saukewa kaɗan-kaɗan kina dubawa bayan 'yan mintuna.

Abu biyu a nan sun shafe mu musamman. Wani bincike na 2020 a Amurka ya nuna na'urar yatsa tana yawan ƙara wa baƙar fata maki: cikin waɗanda ta nuna wa 92 zuwa 96, baƙaƙen da oksijin ɗin jininsu ya yi ƙasa sosai a zahiri sun kusa ninka farare sau uku. Don haka ni ba na son a zauna da majinyatanmu a bakin iyakar ƙasa, 94 zuwa 96 ta fi kwantar min da hankali, tare da kallon numfashinsa da hayyacinsa. Na biyu, iyalin da aka kwaso sun kwana da janareta a ɗaki ko gawayi a lokacin sanyi. Na'urar za ta nuna miki 99 alhali guba ce ta cika jinin. Waɗannan a buɗe musu oksijin har ƙarshe, kada ki saurari na'urar.

Duk abin da na lissafa ƙanana ne in aka gwada da kwana ɗaya a ICU. Kwana guda da aka rage ya ɗauke safa da sirinji da oksijin da dizal da kuɗin gado gaba ɗaya, ya kuma buɗe gado ga wanda ke jira a sashen gaggawa. Hanyar da nas ta fi tasiri a nan ita ce maganin barci. A 2000 wani gwaji a Shikago a kan mutum 128 ya nuna dakatar da maganin sau ɗaya a rana har majinyaci ya farka ya rage zaman na'urar numfashi daga kwana 7.3 zuwa 4.9. Na san dalilin da ya sa muke son su yi barci mai nauyi: nas ɗaya, gado uku, wanda ya farka zai iya fizge roba. Wannan dalili ne na gaske, shi ya sa a yi farkarwar da safe lokacin da hannu ya fi yawa, a fara da maganin ciwo kafin na barci, a kuma yi ta da sanin likita. Mai sarƙewar haƙora, da mai jijjiga da ba ta lafa ba, da wanda ya bugu a kai ƙwaƙwalwa ta kumbura, da wanda aka ba maganin sassauta tsoka, ba a yi musu haka. Robar fitsari ita ma kowace rana tana ƙara haɗarin shigar ƙwayoyin cuta mafitsara da kashi 3 zuwa 7 cikin 100. Mai buƙatar awon fitsari kowace awa a bar masa. Wanda ya farfaɗo kuwa, a zagayen safe ki ambaci kowace roba da ke jikinsa da sunanta, ki tambaya ko yau za ta fita. Haka maganin da ake ba shi ta jijiya alhali cikinsa ya fara karɓar abinci. Farasitamol na leda ya ninka na ƙwaya tsada sau da yawa, ga igiya ga kwalba, aikinsu kuma ɗaya ne in hanji yana aiki.

Shara kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti irin ta gida ce, 15 ne masu haɗari. Leƙa ledarku mai ruwan ɗorawa, ta shara mai haɗari, ki gani: kwalin magani, takardar da aka ɓare sirinji, ledar fiya wata, robar abincin wani. Da zarar sun shiga can sun zama masu haɗari, sai an ƙona su. Yawancin igiyoyi da ledojin ruwa robar PVC ce, in aka ƙona ta a wutar da ba ta kai digiri 850 ba tana fitar da guba mai suna dayokzin, wadda ke da alaƙa da ciwon daji. Ramin da ake cinna wa wuta a bayan asibiti ba ya kai wannan zafi, hayaƙin kuma gidajen ma'aikata da unguwar maƙwabta yake shiga. Sau da yawa matsalar ba ta wuce inda aka ajiye kwando ba. In baƙar leda tana bakin ƙofa, mai ruwan ɗorawa tana gindin gado, kowa ta kusa zai jefa wa. Allura dai kwalinta, kada ya wuce kashi uku cikin huɗu, saboda masu shara da yaran da ke tone bola.

Akwai abin da nake tsoro, gara in faɗa miki. Wannan magana tana da daɗi a bakin masu riƙe da kuɗin asibiti, kuma da sauƙi a juya ta ta zama hujjar hana kaya. Maimaita sirinji ko allura, ko da ga mutum ɗaya an ajiye tun safe, ba tattali ba ne. Ledar ruwan gishiri guda da ake zuƙa ana wanke wa gado huɗu kanula hanya ce ta raba ciwon hanta. Wanke safa a sake sawa, ko shafa mata sanitaiza a wuce gado na gaba, haramun ne a aikinmu. Rage yawan nas kuwa shi ke rushe komai, domin duk sassaucin da na ambata an gina shi ne a kan ido mai dubawa. Aikin agogo an ƙirƙiro shi ne don ya rufe inda ido bai kai ba. In za a cire shi, dole ido ya ƙaru. Duk wanda ya ce ki daina wani abu, ki tambaye shi gwajin da ya nuna babu illa, da irin majinyatan da aka yi gwajin a kansu, da abin da za a riƙa dubawa a madadinsa.

Ke kuma sabuwa ce, kada ki je gobe ki daina abin da ke rubuce a ƙa'idar sashe saboda Anti ta faɗa. In wani abu ya faru ke kaɗai za a riƙe, kuma nas biyu masu bin tsari biyu a kan majinyaci ɗaya sun fi tsohon tsarin haɗari. Zaɓi abu guda. Ki ƙirga shi na mako biyu a ɗan littafi: tukunyar oksijin nawa aka shanye, sau nawa kika tarar da mutum a 99 ko 100 yana kan oksijin. Ki kai wa metiron ita kaɗai a ofis, ba a gaban mutane ba, ki bar ta ta kai wa likitan sashe da kwamitin hana yaɗuwar cututtuka. Manya sun fi karɓar lissafin da aka yi a gadajensu a kan takardar da aka buga a Turai. In an amince, a rubuta sabon tsarin a manna a bango, a faɗe shi wajen miƙa aiki safe da dare, a ci gaba da ƙirga abin da aka adana tare da abin da ake tsoro, wato sau nawa wani ya sauka ƙasa da iyaka. Da ni ce ke, da oksijin zan fara, don ba ya buƙatar a sayi komai kuma sakamakonsa yana fitowa cikin wata guda a littafin sito. In ya fito, ki roƙi a sayi sanitaiza na kowane gado da kuɗin da aka rage, daga nan sai ku shiga maganar safa. Allah ya taimaka, ya ba majinyatanku lafiya.